Kogi Ɗaya, Haraji Biyu

Merle ya shimfiɗa takarda a teburin kicin,
ya tsaga ta gida biyu da jan biro.
Hagu Portland, inda furfura ta same mu.
Dama Vancouver, ƙetaren kogin Columbia,
garin da nake hango fitilunsa
in na fito zubar da shara.

Shekararsa hamsin da huɗu.
Talatin a kwance ya yi su ƙarƙashin bas,
yana duba hanjin ƙarfe.
Gwiwarsa ta hagu ta riga shi ajiye aiki.
Ya ce, “Lorna, saura ni.”

Nan, in ji shi, hukuma a bakin samu take tsare ka,
ta yanki nata tun ba ka ji ƙanshinsa ba,
amma in ka shiga kanti sayen tukunya,
abin da aka rubuta shi za ka biya.
Can kuwa ba ruwansu da abin da ya shiga aljihu
sai ranar da ya fito:
takalmi, guduma, tayar mota,
kowanne da ’yar wutsiyarsa ta haraji.

Na ce, “Ashe kura biyu ce,
ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a ƙofar kasuwa.”
Bai yi dariya ba. Yana tsakiyar lissafi.

Harajin gida. Wuta. Man mota.
Inshorar lafiya ta shekara goma sha ɗaya
kafin gwamnati ta yarda mun tsufa.
A nan biron ya daɗe a tsaye
har ya huda takarda.

Da aka tara aka ɗebe,
can ya fi nan sauƙi da dala ɗari uku da sha biyu a wata.
Ya ja mata layi biyu a ƙasa.

Ranar Asabar muka tafi gani da ido.
Aka ɗaga gada don jirgin alkama ya wuce,
muka zauna a mota, ruwa na yayyafi,
ba mai ce wa wani kanzil.
Gidan yana da gareji mai faɗi,
Merle ya shafa bangonsa kamar wuyan doki.
Ni tagar kicin na leƙa.
Katanga ce, fara fat.

Da dare na karɓi biron.
Na rubuta: bishiyar tuffa
da muka dasa shekarar da aka haifi Corwin.
Na rubuta: tsohuwa Nakagawa
da ke riƙe da makullinmu tun kafin mijinta ya rasu.
Mai burodin kwana, da ya san ba na son ɓawo.
Matakala ta uku mai kuka,
wadda ke gaya mini ya dawo lafiya.

Ya karanta a hankali, ya gyara tabarau.
“Nawa zan sa musu?”
Ba da gatse ya tambaya ba. So yake ya sani.

Na ce, “Dala ɗari uku kuɗi ne kawai.”
Ya ce, “A’a. Shekara biyu ce.
In mun zauna nan, sai na ƙara biyu a ƙarƙashin bas.”
Ya ɗora hannu a gwiwa
ba tare da ya san ya ɗora ba.

Wannan layin babu shi a takardarsa.
Babu shi a tawa.

Takardar na jikin firji har yau,
da zanen gindin kofi a kan Vancouver.
Ƙarfe huɗu da rabi yake tashi,
ina jinsa yana sauka,
ƙafa mai lafiya tukuna, sannan ɗayar ta biyo,
matakala ta uku ta yi kukanta.

Ban ce masa mun tashi ba.
Ban ce mun zauna ba.
Amma jiya na tambayi Nakagawa ta kan shinge
ko tuffa na karɓar aure a wata ƙasa.
Ta ce sanyin nan ne lokacin yanka.

Reshe uku na yanko, kaurin fensir,
na naɗe su a jiƙaƙƙiyar jarida.
Suna bayan kwalbar madara.
Bai gan su ba tukuna.