Matakala Ɗari da Sittin da Uku

Gidan kakata Eduviges yana kan tudu a Valparaíso,
rufin kwano, shuɗin bango da gishirin teku ya ci.
Matakala ɗari da sittin da uku, ita ta ƙirga ba ni ba,
tsakanin ƙofarta da kasuwa.

Tun da akwatin ƙarfen nan da igiya ke ja ya tsaya,
aka ɗaure ƙofarsa da sarƙa,
sai ta yi sulhu da ƙafafunta:
Asabar kaɗai za a sauka,
sauran kwana shida hutun gwiwa.

To, abin da aka hau da shi ran Asabar
dole ya ga Juma'a da ransa.
Leda kuwa ba ta san wannan alkawari ba.
Ba ta ajiyar latas da safe,
kafin Talata ya yi gumi, ya yi baƙi, ya saki jiki
kamar wanda aka kulle a ɗaki ba taga.
"Ganye ma numfashi yake," in ji kaka,
"toshe masa hanci ka ga ruɓewa."

Sai ta buɗe akwatin marigayi Nibaldo,
rigunansa na aikin tashar jiragen ruwa,
audugar da wankin shekara talatin ya lausasa.
Ta yanka, ta ɗinke, ta zura zare a baki.
Jaka bakwai. Ɗaya har da aljihunta,
da maɓalli guda da ta ƙi cirewa.

Ga karatun da na ɗauka a tsaye, kwando a hannu:
jakar ganye a tsoma ta, a matse
sai ta daina ɗiga; danshi ake so, ba wanka ba.
Faski da alayyafo su kwanta ciki, can ƙasan firji.
Ran Laraba a shafa ta da bayan hannu,
in ta bushe a yayyafa mata ruwa.

Karas a yi masa aski tun daga ƙofa,
gashinsa ne ke shanye shi.
Albasa sai jakar raga, ragowar komar wani masunci,
a rataye ta a ƙusa inda iska ke ratsawa.
Dankali can nesa da ita, cikin duhu;
in suka kwana tare, shi tsiro, ita laushi,
zama ne da ba ya daɗewa.

Tumatir bai san firji ba a gidan nan.
Tuffa da ayaba kuwa 'yan zuga ne,
wanda ya zauna kusa da su sai ya tsufa da wuri.
Amma in fiya ta yi taurin kai, ta ƙi nuna,
kaka kan jefa ta jaka ɗaya da ayaba, ta ja zare,
ta ce, "Ku je ku daidaita."
Kwana biyu, ga ta a kan burodi tana narkewa.

Na taɓa yi mata gardama. Na zo da leda daga kanti,
na ce wanki da shanya kowace Lahadi wahala ce.
Ba ta ce uffan ba. Ta raba ƙullin faski biyu,
rabi nawa, rabi nata.
Ran Alhamis nawa ya zama miyar da ba wanda ya dafa.
Nata ta zaro shi daga hannun rigar kakana,
kore shar, yana ƙamshi.
Na kai nawa shara ba tare da an aike ni ba,
ita ko ɗagowa ba ta yi ba, tana ta yankawa.

Bara aka gyara akwatin ƙarfen,
aka shafa masa jan fenti, yara suka yi ta ihu.
Na ruga na ce, "Kaka, yanzu kullum ma sai ki sauka!"
Tana shanya jakunkunan,
iskar teku na cika su ɗaya bayan ɗaya,
ƙirji, kafaɗa, hannu,
sai ka ce mai rigar ne ya dawo daga aiki.
Ta ce, "Kullum? In je in yi me?
Latas ɗin Asabar yana nan da ransa."
Ta miƙo mini mai aljihun. "Taɓa ka ji, ta bushe?"
Na taɓa. Na ce da saura.
Ta mayar da ita kan igiya,
iska ta sake shiga, rigar ta ci gaba da motsawa.