Facin Tukunya

Ni da na shekara talatin ina yankan kwano a Tsohuwar Panteka,
ina mai da gwangwani mazurari, ina mai da durom murhu,
sai ga ni kwance a Shika,
wani yaro mai tabarau yana zana cikina da alƙalami
kamar yadda nake zana langalanga kafin in sa almakashi.

Ya ce ƙwayar ta daɗe.
Wataƙila tun ran suna, a bakin askar wanzami,
wataƙila daga Inna, Allah ya ji ƙanta.
Shekara arba'in da bakwai tana zaune a hantata,
ba sallama, ba kuɗin haya,
har ta gina wa daji ɗaki.

Awa shida, in ji Uwani.
A kan benci ta ƙirga su, da carbi da ƙarar takalman ma'aikata.
Da na farka na tambayi abin da aka cire.
Suka ce kamar goriba,
an bi gefensa tsaf, ba a bar ɓurɓushi ba.
Na san wannan magana.
Haka nake gaya wa mai tukunya
in na yanke tsatsa na ɗora faci:
je ka, ta yi,
amma kada ka kwanar mata da ruwa.

Hanta zogale ce, a sare ta toho.
Tawa ta toho da ƙyar, don gonar ta riga ta yi tsauri.

Mu uku ne a layin taga.
Ni, da Habila mutumin Kachiya,
da Malam Shekarau mai sai da taki a Saminaka.
Habila ya ce in an sallame mu zai aiko mini da citta.
Ya aiko, rabin buhu.
A wata na tara hoto ya nuna masa ɗigo biyu,
kafin kaka ɗansa ya buga waya.
Cittar ba ta ƙare ba har yau.
Uwani kan jefa a shayi,
ni kuwa in riƙe kofin har ya huce.

Malam Shekarau yana nan, har da tumbi,
ran Juma'a ya kira ni yana zagin farashin taki.
Wuƙa ɗaya, hannu ɗaya, ɗaki ɗaya!
Na tambayi likita dalili.
Ya jawo takarda: kashi kaza cikin ɗari kan kai shekara biyar,
kashi kaza abin kan dawo.
Na ce, to ni a wane kashi aka sa ni?
Ya rufe alƙalaminsa.

Duk wata uku nakan shiga mota a Kawo.
A ɗebi jini, a shafa mini abin nan mai sanyi a ciki.
Ba na kallon allon.
Fuskar mai hoton nake karantawa,
in girarsa ta motsa, hanjina ya kaɗa.
Ƙwaya guda bayan asuba, kullum,
ko ran da ba kuɗin cefane.

Na tasa 'ya'yana biyar zuwa gwaji.
Huɗu sun fito fes.
Lantana ce ta gaje ni,
ita da ko muryata ba ta ɗauko ba.
Da ta haihu, kafin a kawo ruwan wanka
na tsaya a kan nas sai da aka yi wa jaririn allura.
Ran suna na sayo sabuwar reza da kaina,
wanzami ya ji haushi, ya ji.

Wata goma sha tara ke nan.
Na koma rumfa, amma babbar guduma ta fi ƙarfina,
Tanimu ke bugu, ni ina nuni da baki.
In hadari ya taso ɗinkin kan yi ƙaiƙayi
daga ƙirji ya karkata dama, ƙarƙashin haƙarƙari.

Jiya wata mai abinci ta karɓi tukunyarta,
ta ɗaga ta sama tana neman rana ta cikin facin.
Ta ce, Baba, zai kai shekara nawa?
Na ƙwanƙwasa gindin da ɗan yatsa, ya amsa.
Na ce, kai ta murhu,
dafa na yau.