Matakala Ɗari da Sittin

A Valparaíso gidanmu yana kan tudu,
matakala ɗari da sittin daga bakin teku.
Shekara talatin Herminia tana hawansu
da kwandon kifi a ƙugu,
ba ta taɓa ƙirga su ba. Ni ne mai ƙirge.

Sai yatsunta suka soma karkacewa
kamar saiwar da ta ci karo da dutse.
Likita ya ce garkuwar jikinta ce
ta manta fuskar masu gida,
maigadi ya juya sanda yana dukan 'yan ɗaki.
Muka karɓi sunan, amosanin gaɓoɓi,
muka hau da shi gida cikin ledar magani.

Shekara goma sha bakwai muna kallon hannu.
Ni ke buɗe mata kwalba,
ni ke sa mata maɓallin riga
ranar da gaɓoɓi suka ƙi farkawa.
Duk wanda ya zo gaisuwa, hannun yake tambaya,
mu ma hannun muke miƙa masa.
Ashe wutar ƙaiƙayi ce,
sama toka, ƙasa tana tafiya.

A matakala ta tamanin ta fara tsayawa,
wai tana kallon jiragen ruwa.
Sai ta arba'in.
Sai ta goma sha biyu,
inda babu abin kallo sai bangon Evaristo
da kyanwarsa mai ido ɗaya.
Na ce tsufa ne. Ta ce tsufa ne.
Muka yi wa juna ƙarya cikin ladabi.

Takalmi ya matse mata idon sawu.
Matashin kai ɗaya ya koma uku.
Wani dare na farka, gefena ba kowa,
tana bakin taga, baki buɗe,
ga iskar teku duka a gabanta
amma ta kasa ɗibar cikin cokali.

Likita Quilodrán ba ta dubi hannun ba.
Ƙirji ta saurara, ta daɗe,
sannan ta juyo mana da allon na'ura:
ga zuciyar tana matsawa, tana saki,
kamar mai wanki da yamma ta yi masa.
Ta ce, kumburin nan ba gaɓa kaɗai yake bi ba,
masu irin ciwonki, zuciyarsu ta fi saurin gajiya,
da an riƙa leƙa ta tun tuni.
Tun tuni. Kalmar ta zauna mini a wuya.

Yanzu kowace safiya sikeli kafin shayi,
ina rubuta nauyinta a bayan kalanda.
Gishiri ya koma saman kabad,
tana zagina a kan miya, ina jin daɗin zagin.

Na ce mu sauka, mu kama ɗaki a ƙasa.
Ta ce sai dai a sauke ta.
Don haka na kafa benci a ta arba'in,
wani a ta tamanin, Evaristo ya ba da katako.

Jiya muna hawa na ji tana motsa baki.
Na matsa kusa.
Hamsin da ɗaya, hamsin da biyu.
Ita ce mai ƙirge yanzu.
Ni kuwa numfashinta nake saurare.