Ƙarfe Uku da Kwata a Pueblo

Ƙarfe uku da kwata jirgin kwal ke ratsa Pueblo,
gilasan taga su amsa masa da rawa.
Ni tun kafin ya iso idona biyu.
Shekara goma sha ɗaya da na ajiye kaki,
amma ba wanda ya gaya wa jikina
an sauke shi daga gadi.

Sun ce barci ɓarawo ne.
Na bar masa ƙofa a buɗe,
na kashe fitila, na ɗaure kare.
Ya zo har bakin layinmu, ya leƙo,
ya ga soja a zaune, ya juya.

Corinne ta koma ɗakin baya tun bara,
daren da na farka na riƙe mata wuyan hannu
ina ƙwala wa Dacosta kira,
Dacosta da bai dawo daga hanyar Baquba ba.
Ba ta yi faɗa ba, filo kawai ta ɗauka.
Da safe ta soya mini ƙwai,
shatin yatsuna huɗu a hannunta.

Ranar Talata, a ɗakin ƙasa na asibitin tsofaffin sojoji,
mu tara muka kwanta kan tabarmin roba.
Lorna Pruitt, gajeriya mai furfura,
ta ce, "Ku rufe ido."
Ba wanda ya rufe.
Ta ce, "To, ku bar su.
Mai son ganin ƙofa ya juya ya kalle ta."
Mu tara muka juya.

"Ja numfashi, ƙirga huɗu.
Sake shi a hankali, ƙirga shida."
Na ce a raina, ƙwaya ta gaza, kwalba ta gaza,
sai lissafin 'yan aji ɗaya?
Can sai tsoho Wendell,
wanda ya baro ƙafa guda a Vietnam,
ya ɓarke da minshari, baki a hangame.
Ba wanda ya yi dariya.
Muka kasa kunne
kamar mayunwata a bayan ɗakin girki.

Yanzu kowane dare ina zagaya jikina
kamar yadda nake zagaya sansani a da.
Yatsun ƙafa, lafiya. Dunduniya, lafiya.
Gwiwa tana ƙorafi, na ji, na wuce.
A kafaɗar dama nake daɗewa,
har yau tana ɗauke da igiyar bindigar da na mayar tuntuni.
Haƙora a cije. Ban san tun yaushe ba.
Na ce musu su huta, sai da na faɗa sau uku.

Hanyar tana zuwa, ba ta fashi,
da ƙurarta, da mataccen jakin nan a gefe.
Lorna ta ce kada in kore ta, kada in hau ta,
in tsaya kamar mai jiran jirgi ya wuce.
Huɗu. Shida.
Wani daren takan wuce, wani daren ta kwana.

Jiya motar shara ce ta tashe ni,
shida saura ashirin, haske a labule.
Jirgin ya wuce ban ji shi ba.
Na daɗe a kwance ina jin tsoron motsi.
A ɗakin baya Corinne ta yi tari.
Ban gaya mata ba tukuna.
Sai na ga abin da Laraba za ta yi.