Kanwar Ƙarƙashin Ƙasa

Ƙarfe goma zan shiga jarrabawa,
ga ni tun asuba tsugune a Yakasai,
littafi a cinya, hayaƙi a ido,
Inna Tabawa na fama da waken garau-garau.

Wake ya ƙi nuna.
Ta ɓalli kanwa, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba,
ta jefa, tukunya ta yi kumfa.

Na ce, "Inna, kin shigo littafina.
Kanwarki, da allin makaranta,
da farar ƙasar da aka shafa wa zaure,
duk dangin juna ne.
A gindin teku ƙwanson halittu ke zuba,
dubu bisa dubu, har ya zama dutse.
Gindin tekun kuma tafe yake,
saurinsa saurin tsirowar farce,
ya sunkuya, ya shige ƙarƙashin maƙwabcinsa
da kayan nan duka a ka."

"Ya nufi ina?"

"Ƙasa. Ƙasa da karofin Ƙofar Mata,
ƙasa da saiwar Dala,
inda nauyi zai mulmula Goron Dutse kamar fura,
inda zafi bai san damina ba.
Can ƙwayoyinsa ke gyara zama,
kamar 'yan adaidaita in an ƙaro mutum.
Wani ya daure a haka.
Wani ya narke, ya sa dutsen gefensa laushi,
abin da kanwa ke yi wa wake.
Wani kuwa ƙarfe ya ƙwace masa iska,
ya bar shi gawayi tsirara,
matsi ya mai da shi lu'ulu'u.
Kaɗan ke dawowa ta bakin dutse mai aman wuta."

Ta iza itace, ta dube ni a kaikaice.
"Barira, wa ya je ya gano?"

"Ba wanda ya je.
Ɗan ɓarɓashi ake matsewa tsakanin lu'ulu'u biyu,
a gasa shi da tsinin haske,
a zuba ido."

Ta sa ludayi, ta ɗebo ƙwaya ɗaya,
ta matse ta tsakanin yatsu biyu,
yatsun da shekara ashirin na murhu
suka hana su jin zafi.
Wake ya baje.

"Nawa gwajin ya fito," in ji ta.
"Miƙo mai da yaji,
makanikai sun fara layi a ƙofa."