Littafin Kuɗin Mai

Shekara talatin ina bin hanyar Garwa zuwa Kuseri,
ban san tsuntsu ba sai wanda ya bugi gilashi.
Yanzu gwiwa ta karɓe makulli,
ta zaunar da ni gindin gawon ƙofar gida.
Binuwai na can gangare, sai dai in ji ƙamshinsa.

Littafin da nake rubuta kuɗin mai
yana da sauran shafi. Na fara shi ta baya.

Bazara ta kwanta kan kwano kamar mai bin bashi,
kurciya kaɗai ke da bakin magana.
Ran Laraba bayan la'asar shamuwa biyu
suka sauka ba sallama.
Hamajoda ya ɗago kai daga ɗinkin takalmi,
ya ce, "A fito da iri."
Kwana tara, sama ta tsage.

Da damina gawo ya tuɓe, shi da ba ya bin jama'a,
kabare suka yi masa sutura,
sheƙa kusa da sheƙa, kowace ƙofarta a ƙasa.
Wani ya gama ɗaki tun hantsi,
ta zo, ta leƙa, ta yi gaba.
Ya warware. Ya sake.
Sau huɗu na ƙirga.
Barira ta ce daga madafi, "Kai da wa kake dariya?"
Na ce, "Ni da wani ɗan'uwana."

Kirinjijiya kuwa ban taɓa ganinsu ba.
Da dare suke ratsa gida da fito,
na rubuta: an ji.

Kaka ta jan-baki ce,
hayaƙi mai ido, mai ciki.
Yara na kaɗa gwangwani har maƙogwaro ya bushe.
Kunya ta hana in faɗa wa manoma
yadda juyinsu a sama ya burge ni.

Da sanyi ya shigo, gawo ya mai da riga.
Wata 'yar siririya mai rawaya a ƙirji
tana bin sawun shanu, wutsiya na ta gaisuwa.
Hamajoda bai san sunanta ba, ko da Fillanci.
Jikata ta ce malaminsu ya ce daga bayan teku take.
Ba takarda, ba jandarma, ba na goro!
Na bar mata gurbi, na zana wutsiya.

Rani ya tsotse kogi.
Shirwa ta sure kifi daga faifan Barira,
na rubuta kafin in yi mata jaje.
A watan ne aka ɗauke teburin Hamajoda,
aka bar dutsen da yake zama.

Yau shamuwa ta dawo. Uku ne bana.
Na jira, ba wanda ya ɗago kai.
Ni da ba ni da ko kunya ɗaya ta gona
na gyara murya,
na ce, "A fito da iri."