Takarda Mai Jan Layi

Shekara uku cikina na da nasa bakin.
Ya yi magana a sahun Asuba, liman na tsakiyar sura.
Ya yi magana a danfo tsakanin Ketu da Ojota,
har matar da ke gefena ta gyara zama.
Kumburi da rana, murɗa da dare,
yau gudawa, gobe ƙofa a kulle.

Wani yaro mai farar riga a Ikeja
ya ce jini ba ya ƙarya.
Dubu tamanin da biyar, Alhaji,
kwana goma ka san maƙiyinka.
Na ƙirga masa ribar mako uku,
ya ɗebi abin da bai cika cokali ba.

Takardar ta zo da shafi huɗu.
Jan layi a kan alkama,
a kan ƙwai, madara, wake, gyaɗa,
jan layi a kan gero.
Gero!
Da shi Inna ta yaye ni a Aliero.
Kore kuwa a kan wasu 'ya'yan itace
da ban taɓa gani ba ko a Mil Sha Biyu,
inda duniya ke sauka daga bayan tirela.

Na bi. Wata biyu cur na bi.
Burodin Agege na riƙa kauce masa kamar mai bina bashi.
Ladidi ta dama fura, na ce na ƙoshi,
ta dube ni, ta dubi ƙwaryar.
Wandona ya fara neman wani mai shi.
Ciki kuwa bai iya karatu ba,
ya ci gaba da huɗubarsa.

A Idi-Araba na sami Dakta Oyelaran,
dattijuwa, tabarau a ƙarshen hanci.
Ta ce, kafin gwajin me ka saba ci?
Ina lissafi, tana ɗora yatsa,
kowane suna ya faɗa kan ja.
Ta ce, ka gani, Malam Sallau?
Irin wannan gwajin sawu yake gani, ba ɓarawo ba.
Jini ya tuna masu yawan shigowa gidan,
kai kuma ka kama su ka ɗaure.

Ta tura ni nata gwajin:
ƙwayar gyambon ciki, ƙarancin jini,
cutar alkama ta gaske.
Ta tambaya ko na taɓa ganin jini a bayan gida.
Duk suka fito fes.
Sai ta ce in sayi littafin 'yan makaranta da biro,
in cire abu ɗaya, ɗaya tak, mako biyu,
in mayar da shi, in saurara, in rubuta.

Ɗana Haladu ke rubutun, ni ina faɗa.
Litinin: shayi da burodi, shiru.
Laraba: fura, shiru, alhamdu lillahi.
Wake ya ɗan yi gunaguni, muka sasanta a kan rabin kwano.
Mako na tara muka kama shi.

Albasa.
Wadda takardar ta shafa wa kore.
Wadda nake kwana a kan buhunta shekara ashirin da biyu,
ta biya haya, ta biya makaranta,
ta biya har kuɗin gwajin.
Na yi dariya sai da Haladu ya tsorata.

Yanzu Ladidi na soya ta a mai, ta tsame,
ƙamshin ya zauna, ita ta fita.
Ciki bai yi shiru duka ba,
ranar da farashi ya faɗi yakan tashi ko ban ci komai ba.

Jiya Bawa mai tattasai ya ce zai je Ikeja.
Na ce cikinka ba nawa ba ne,
amma fara ganin likita, ga sauran shafuka a littafina.
Takardar tana nan ƙarƙashin sikeli,
ƙafarsa ɗaya ta fi sauran gajarta.